Salon kaɗawa nawa ne ya isa a lissafin girgizar gini?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗalibi ne mai karatun gine-gine a nan Damagaram. An ba mu aikin lissafa yadda dogon tankin ruwa, wanda muke kira shato, zai kaɗa idan iska ko injin famfo ya girgiza shi. Kwamfuta ta fitar mini da salon kaɗawa (wato hanyoyi daban-daban da gini ke iya kaɗawa, kowace da nata saurin) fiye da ɗari, ni kuwa na tsaya a goma na farko, tunda jimillar nauyin da suke motsawa ta haura kashi 90 cikin ɗari na nauyin ginin. Shin hakan ya wadatar? Daga mai karatu a unguwar Birni.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Kashi 90 ɗin da ka riƙe yana da asali, domin ƙa'idar Turai ta Eurocode 8 ta shar'anta shi, ko kuma a ɗauki duk salon da kasonsa ya wuce 5 cikin ɗari. Sai dai don girgizar ƙasa aka tsara ta, inda harsashi ke jijjiga ginin gaba ɗaya, ba don injin da ke bugun wuri guda ba.

Idan aka taɓa tsirkiyar gurmi, babbar muryar kunne ke fara kamawa, amma akwai ƙananan muryoyi a samanta. Haka gini yake. Ɗauki sandar ƙarfe mai kauri ɗaya da aka kafe gindinta cikin siminti: salo na farko yana ɗaukar kusan kashi 61 na nauyinta, na biyu 19, na uku 6.5, na huɗu 3, kuma sai an kai na biyar kafin a tsallake 90. Salo na biyu ya ninka na farko saurin kaɗawa fiye da sau 6, na uku fiye da sau 17. Da yake gudummawar kowane salo ga lanƙwasar sandar tana raguwa ne gwargwadon saurinsa idan an ninka shi da kansa, salo biyu ko uku sun isa su gaya maka nisan da kan sandar zai kauce.

Gindin kuwa ba haka ba ne, kuma nan ne na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe. Nauyin da ka zubar tare da salon da ba ka ɗauka ba, ba a sama yake ba, yana kusa da harsashi, wurin da salon farko-farko ba sa motsa shi sosai, don haka ƙarfin da ke neman tsinka kusoshi da ginshiƙai a ƙasa zai iya fitowa ƙasa da gaskiyarsa, alhali lissafin motsin sama ya yi kyau har ya ruɗe ka. Maganinsa ba shi da tsada: a lissafa nauyin da ya saura kamar kaya ne a tsaye, a ƙara sakamakon a kan na salon da aka ɗauka, domin salo masu saurin gaske ba sa amsa bugu da ƙarin kaɗawa, bin sa kawai suke yi. Manhajoji da yawa suna da wannan gyara, amma ka duba ko an kunna shi.

Batun famfo kuma dabam ne. Wutar lantarkinmu mai zagaye 50 a daƙiƙa ce, kuma inji mai juyi kusan 1,500 a minti yana bugu sau 25 a daƙiƙa. Idan salonka na goma bai wuce kaɗawa 12 a daƙiƙa ba, to ka rufe ido ga wanda zai iya yin daidai da bugun injin, ko da kason nauyinsa bai kai 1 cikin ɗari ba. A nan a ɗauki salo har zuwa wajen ninki biyu na saurin injin.

Kafin ka miƙa aikin, ka maimaita lissafin da salo 20, sannan 40, kana duban ƙarfin da ke gindin kowane ginshiƙi, ba motsin tankin ba. Ka yi shi tanki cike, ka sake yi babu ruwa, domin su ma salon kaɗawar suna canzawa da nauyin ruwan.