Injin da ke shan baƙin mai, mai mota kuma aljihu ba nauyi

Ɗana, tambayarka ita ce: tsohuwar mota, injin yana shan baƙin mai, salansa na hayaƙi, mai ita ya ce ƙarfin aljihunsa kaɗan ne. A yi ringin kawai a rufe, ko sai an yi wa injin aiki gaba ɗaya? To ajiye sifana tukuna. Kada ka kwance ko noti ɗaya sai ka san ta ina man yake bi, domin kuɗin mutumin nan a wurin awo za ka tsare masa shi.

Fara da ido. Shuɗin hayaƙi na baƙin mai ne, fari mai kauri ruwan lagireto ne, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa. Sai ka lura da lokacin da yake fitowa. In da safe ne ya buso da an tayar da mota, can ya ɗauke, ka zargi robobin bawul: sun bushe, mai yana zurara cikin silinda motar tana tsaye. In kuwa sai an taka wuta ko ana hawan tudu da kaya yake turnuƙewa, ka fi zargin ringi. Ka duba kuma ɗan bawul ɗin numfashin inji, PCV. In ya toshe, iska na taruwa a cikin inji ta tura mai duk inda ta sami hanya. An sha kwance injin da ba abin da ke damunsa sai wannan ɗan ƙaramin abu, kuma abin yana ɓata mini rai.

Daga nan gwajin matsi. Injin da ɗumi, ka cire fulogai duka, ka buɗe totur har ƙarshe, ka gwada kowace silinda ka rubuta. Bai kamata bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100 ba. Wadda ta yi ƙasa, zuba mata baƙin mai cokalin shayi ɗaya ka sake gwadawa. In allura ta hau, ringi ne. In ta tsaya inda take, bawul ne ko gaskit. Amma ka riƙe wannan: matsi zai iya fitowa lafiya lau injin kuma yana shan mai, saboda ringi biyu na sama ne ke riƙe matsi, na ƙasa aikinsa share mai daga bango. Shi kaɗai yana iya maƙalewa da dauɗa.

In robobin bawul ne kawai, ba sai ka ɗaga kan inji ba. Cusa igiya mai laushi ta ramin fulogi, ka juya inji da hannu har fistin ya danne ta, bawul ba zai faɗa ciki ba, ka canza robobin ɗaya bayan ɗaya.

In dole sai an buɗe, ramin silinda ne zai yanke hukunci. Sa farcenka a bakinsa na sama, inda ringi ba ya kaiwa. In farce ya maƙale a wani ɗan tudu, bango ya ci. Kada ka tsaya ga farce, ɗauko ma'auni ka auna sama da tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu, ka gwada da abin da littafin injin ya yarda da shi. In yana cikin iyaka, ka wadatu da goge bangon da dutsen honin har zane ya fito a gicciye, kusan digiri 45, ka sa sabbin ringi a kan fistin ɗin da ke nan. Aikin mai sauƙin kuɗi ke nan, kuma aiki ne na gaskiya. In ramin ya buɗe daga sama ko ya daina zama da'ira, sabon ringi ba zai zauna ba, kamar murfi ne a kan tukunyar da bakinta ya lanƙwashe. Sai a kai bulok a rarake shi zuwa 0.25 ko 0.50 na milimita, a sayi fistin daidai da shi. Faɗa wa mai motar haka tun da wuri. Gara ya jinkirta ya tara kuɗi da ya biya aiki sau biyu.

Yanzu fistin. Kankare dauɗar kwarin ringi da guntun tsohon ringi, a hankali, kada ka ci ƙarfen. A kwarin ƙasa akwai 'yan ramuka da mai ke komawa ta cikinsu. Ɗaga fistin ka duba da haske, sau da yawa za ka tarar sun cushe da baƙar dauɗa mai tauri. Buɗe su duka. Kowane sabon ringi kuma ka tura shi cikin silindarsa da kan fistin don ya zauna daidai, ka auna tazarar bakinsa da fila geji, wato siraran ƙarafan auna tazara. A ramin milimita 80, na sama yakan so wajen 0.3 na milimita, amma littafi ne alƙali. In tazarar ta yi kaɗan, da injin ya yi zafi bakunan za su haɗu ringin ya karye ko ya ƙwarzane bango. Wajen sawa, kada bakunan su jeru a layi ɗaya.

Bayan honin, wanke silinda da ruwan zafi da sabulu da burushi. Fetur ba ya fitar da garin dutsen. Goga farin ƙyalle. In ya fito da toka-toka, sake wankewa. Busar, ka shafa mai nan take kafin tsatsa.

Karanshaf in santsi yake kuma awonsa daidai, bar shi, ka sa sabon mital, wato ƙarfen da yake juyawa a kansa, ka auna tazarar da Plastigage, siririn zaren roba na awo. Inda ban yarda a yi tsimi ba: gaskit na kan inji, robobin mai, bel ɗin tayimin, da ƙusoshin kan inji in irin masu miƙewa ne da ba a maimaita su. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan inji ka tabbata bai karkace ba. Ɗaurewa kuma da tok renci, sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki.

In injin ya tashi, kada ka bar shi yana silo tsawon lokaci, ringi ba ya zama a haka. Fita da motar, ka taka ka saki, ka riƙa sauya gudu ba tare da ka ƙure ta ba. A canza mai da filta wajen kilomita 1,000. Ka gaya wa mai motar zai iya ganin man ya ɗan ragu a farko kafin ringi su zauna, ya riƙa zaro sandar awo kowace safiya, ya dawo maka da motar bayan canjin man ka sake gwada matsin.