Kwana ɗaya a birnin Cork ya isa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko yini guda zai ishe ku ganin Cork, birnin da ke kudancin ƙasar Ireland, a hanyarku daga Dublin da motar haya. Zai isa, in kun yi sammako.

Ku ajiye motar, ku shiga gari da ƙafa. Tsakiyar birnin tsibiri ne tsakanin rassa biyu na kogin Lee, titunan ƙanana, ga tuƙi ta hannun hagu, wahala kawai za ku sha. Ku fara da kasuwar English Market, wadda ke ci tun 1788. Kifi da cuku da burodinta sun isa a tsaya. Amma akwai naman alade da yawa, sai ku tambaya kafin ku saya, kuma ba ta buɗewa ranar Lahadi. Daga nan ku hau hasumiyar cocin St Anne a unguwar Shandon, a nan za ku ga garin gaba ɗaya.

Da yamma ni dai Cobh, wani garin bakin teku kusa da Cork, nake ba ku shawara, ba fadar Blarney ba, inda layi ke cinye lokaci. Daga Cobh jirgin ruwan Titanic ya yi tashinsa na ƙarshe a 1912, kuma jirgin ƙasa zai kai ku cikin kusan rabin awa. Ku riƙe rigar ruwa ko da rana ta fito.