Ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan keke da wuraren tattaki

Ɗan'uwa, sannu da zuwa. Ka ce ka sauka a garin da komai sai da mota, ba ka da ita tukuna, kana tambaya ko keke zai fisshe ka, da kuma inda mutum zai taka ƙafa ya sha iska. Wallahi na san wannan ƙuncin, kanti na gabanka kana hangensa amma titi mai layi shida ya raba ku. Keke zai yi, sai dai kada ka bi hanyar da mota ke bi.

Taswirar waya hanyar mota take fara nunawa. Mayar da ita ta keke a Google Maps, ka duba hoton titin kafin ka fita, don farin fentin layin keke a gefen titin da ake gudun kilomita 70 ba ya tsare kowa. Nemi layukan cikin unguwa da ke bin babban titin ta baya, ko hanyar da aka shimfiɗa a bakin rafi ko kan tsohon layin dogo. Ko ta ƙara maka kilomita 2, minti 8 ne a matsakaicin gudu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mahaɗa. Direba zai wuce ka, ya manta da kai nan take, ya sha kwana ta gabanka ba sigina. Wani kuma yana fitowa daga gidan mai, wuyansa na can ɓangaren da motoci ke tahowa, ƙafarsa na kan totur. Ya buge ka sannan ya leƙo ya ce bai gan ka ba, kamar wannan maganar tana ɗora ƙashi. Haba! Saboda haka kada ka dogara da fuskarsa, tayar gaba za ka kalla, ita ce ke fara juyawa. In kun tsaya a danja, kada ka raɓa gefen bas ko babbar mota, tayoyinta na baya suna yanko kwana fiye da na gaba, kuma madubin direban ba ya kawo ka. Tsaya bayanta. Motocin da aka ajiye a gefe ka ba su tazarar mita ɗaya saboda ƙofa. Kuma don Allah kada ka tuƙa kana fuskantar motoci, mai fitowa daga lungu ba ya duban can.

Fitila fara a gaba, ja a baya, ko da rana. Hular kwano ta zauna yatsu biyu sama da gira. Kwaɗo ka sayi na ƙarfe mai siffar U, ka haɗa gangar keken da tayar baya, don na waya almakashin ƙarfe ke datse shi. Iska kuwa an rubuta adadinta a jikin taya, duba duk mako. In ta yi ƙasa ka daki bakin kwalta, bakin wili zai matse tif ya yi huji biyu jere. Riƙe tif na canji da ƙaramin famfo, kuma kafin ka sa sabo ka shafa cikin tayar a hankali, sau da yawa tsidau ko ɓarin kwalbar na nan maƙale.

Ka kuma duba ko bas ɗin garin na da maɗaukar keke a gaba, ita za ta tsallakar da kai munanan tituna har kusa da wurin shaƙatawa. Duba lokacin rufe wurin, da yawa da faɗuwar rana ne. Tattaki ka fara da kilomita 4 ko 5, kamar awa ɗaya a shimfiɗaɗɗen wuri, hawa kuma ya fi cin lokaci. Ruwa rabin lita kowace awa, in ana zafi ka ƙara, kuma da ya kai rabi ka juyo ko ba ka isa ba. Sauke taswirar a waya tun daga gida, sabis na ɗaukewa a kwari, ka gaya wa wani inda ka nufa. In ka ratsa doguwar ciyawa, cusa ƙafar wando cikin safa, ka dawo ka duba bayan gwiwa da ƙugu da hammata saboda kaska.