Ka ajiye kunyar ɗan yayanka, ka kai motar a sa mata kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan masarufi a Daura, na kuma sayi Corolla 'yar Kwatano na ba direba yana jigila tsakanin Daura da Katsina. Wata huɗu ke nan wata fitila ruwan ɗorawa mai hoton inji ta kunna a dashbod, motar ta koma shan mai, balas ya ragu. Ɗan yayana bakanike ne, shi ke duba ta. Ya canza filogi, ya wanke nozul, ya cire kan batir fitilar ta mutu, bayan kwana biyu ta dawo. Ya ce haka motocin Kwatano suke. Ina tunanin in ci bashi in ƙara mota ta biyu don ta rufe giɓin. Me kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganar mota ta biyu ka jingine ta tukuna. Wanda ya kasa gano inda kuɗi ke zurarewa a mota ɗaya, in ya ƙara wata da kuɗin bashi, asarar ce zai ninka.

Kuskurenka ɗaya ne: wata huɗu kana biyan kuɗin laluben ɗan yayanka saboda kana jin nauyin ka ce masa aikin ya fi ƙarfinsa. Ban ce yana cutarka ba. Mai yiwuwa gwani ne a birki da giya da ƙafar mota. Amma wannan fitilar kwamfutar motar ce ke kunna ta idan ta ga matsala, sannan ta ajiye lambar da ke nuna irin matsalar. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suke da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'ura a karanta lambar, na Turai masu fetur suka biyo baya a 2001. Aikin minti goma ne, kuma a cikin Katsina akwai masu yin sa. Cire kan batir goge lambar kawai yake yi, kamar a yaga takardar gwajin asibiti a ce mara lafiya ya warke.

Zo mu yi lissafi. Daura zuwa Katsina wajen kilomita 80 ne, zuwa da dawowa 160. Mu ce da motar tana cin kilomita 10 a lita ɗaya, lita 16 ke nan. In ta koma kilomita 7, sai ta sha wajen lita 23. Lita 7 a kowane sawu. Ko sawu ɗaya direba ke yi a rana, in ya yi aikin kwana 26 a wata kana ƙona kusan lita 180 a banza. Ka lissafa ko a naira 900 ne, ya haura naira dubu 160. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, ana iya kawar da kai. Yanzu kuwa ribar shagonka ce ke fita ta salansa.

Na san wani mai Sharon da ke bin hanyar Kano. Ƙanen matarsa ne bakanikensa, da fitilar ta dame su sai ya liƙe ta da baƙin salatif. Ashe ta daina tsayawa cak, ta koma ƙiftawa, ba wanda ya gani. Ƙiftawa na nufin wata silinda ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur na gangarawa cikin abin nan na salansa mai tace hayaƙi da ake kira indomi. Indomin ya yi zafi ya narke ya toshe hanyar hayaƙi, mota ta daina ja ko a shimfiɗaɗɗen titi. Kwayil ɗaya ne, abin nan da ke ba filogi wuta, ya mutu tun farko. Ƙarshenta da araha ya rabu da motar, kuma har yau ba sa ga maciji da surukansa. Zumuncin da ya so ya kare bai tsira ba.

In ka je, ka tsaya a karanta a gabanka, ka rubuta lambar da hannunka. P0300 na nuna inji na tsallake wuta, P0171 iska ta rinjayi mai, P0420 kuma indomi ne ko sansar da ke bayansa, wato 'yar na'urar da ke auna hayaƙi ta sanar da kwamfuta. Lambar inda za a duba take nunawa, don haka kada ka yarda a ce sayo kaza kafin a gwada. Sau da yawa mai laifin sansar iskar oksijin ce, ko sansar da ke auna iskar da ke shiga inji, wadda ƙurar hunturunmu ke daskarewa a kanta. Ka kuma tambaya ko an cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji. Bakanikenmu na son cire shi da sunan ƙasarmu da zafi, alhali injin da bai kai zafinsa ba kwamfuta ƙara masa mai take yi. Iskar taya da matatar iska, waɗannan direba ma ya isa ya duba.

Sannan ka sayi littafi. A cika tanki a gidan mai ɗaya, a rubuta lambar kilomita, a sake cikawa a rubuta lita nawa ta ci. A daina sayen na bumburutu. Da wannan kaɗai za ka bambance abin da inji ke sha da abin da ke maƙalewa a aljihun direba, don a yanzu ba ka da hujjar zargin kowa.

Shi kuma yaron, kada ka zagaye shi. Ka ce masa, "Zo ka raka ni Katsina a sa wa motar nan kwamfuta." In an gano matsalar, ka bar masa ɗaurin kayan ka biya shi ladansa. In ya ƙi zuwa, ka tafi da direba ranar Asabar ɗin nan.