Amsa ga mai son fita hutun ƙarshen mako da kakarta da iyayenta mata

'Yar'uwa, kin ce kina son ki haɗa kakarki, mahaifiyarki, ƙannenta biyu da ku da 'ya'yanku mata, ku fita daga Juma'a zuwa Lahadi, amma kina tsoron kada a dawo da ɓacin rai, kuma kin rasa ta inda za ki fara. Mu mun yi irin wannan fita sau uku, mu 11, daga Kaka mai shekara 81 har 'yar ƙanwata mai shekara 9. Ta farkon ni na shirya ta, kuma ba ta yi daɗi ba.

Abin da na yi shi ne na cika takarda da wuraren zuwa, safe nan, rana can, yamma wani wurin. Kafin la'asar ɗin Asabar ƙafafun Kaka sun kumbura sumtum, ita kuwa ko uffan ba ta ce ba. Goggo ce ta ja ni gefe ta ce, "Dubi ƙafar tsohuwar nan." Har yau in na tuna sai raina ya sosu. Tsoho ba ya son a ce shi ne ya hana yara jin daɗi, zai yi ta cijewa har ya galabaita. Saboda haka ki auna komai da ƙarfin wadda ta fi kowa tsufa, kuma kada ki jira sai ta yi ƙorafi, don ba za ta yi ba.

Ki zaɓi wurin da bai wuce tafiyar awa 3 ba, a riƙa tsayawa duk bayan awa 2 ta sauko ta ɗan taka. Dogon zama a mota yana sa jini ya taru a ƙafa, shi ke kawo kumburin, wani lokacin ma har gudan jini a jijiya. Ki kuma sa ido a kan shan ruwa. Idan shekaru suka ja, ƙishirwa ba ta kama mutum kamar da, ga shi da yawansu da gangan suke ƙin sha don kada su sa a tsaya musu a hanya. Mu dai sai mu ce mu ne ke buƙatar tsayawa, ita ma sai ta samu sarari ba tare da jin nauyi ba. Ɗakinta ya zama a ƙasa, babu hawa bene, banɗaki a kusa, a bar fitila kunne da dare, a shimfiɗa abin da zai hana santsi. Faɗuwa ɗaya a banɗaki tana iya karya ƙugun tsohuwa. Magungunanta su kasance a jakar hannu, da ƙarin na kwana biyu, da sunayensu a rubuce. In akwai mai ciwon suga da ke allurar insulin, kada a bar ta cikin mota mai zafi, kada kuma a bari ta daskare.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ban gano ba sai da muka dawo. Mama da Goggo ba su huta ba ko kaɗan. Muna isa suka shige kicin, su ne girki, su ne wanke-wanke, su ne lallashin yara, su ne kula da Kaka. Wato aikin gida muka kwaso musu zuwa wani gidan. Matan tsakiya su ne suka fi kowa buƙatar hutun nan, amma shekara da shekaru sun saba, in ba a hana su ba hannunsu ba ya zama. A fita ta biyu tun kafin mu tashi muka raba aikin tsakaninmu matasa, muka roƙe su da girman Allah su zauna. Da farko Mama ta kasa, tana ta leƙo mu. Ranar Lahadi kuwa sai da muka tashe ta daga barci ƙarfe 9, abin da ban taɓa gani ba tun tasowata.

Kuɗi kam a gama maganarsa kafin a fita. Kowa ta ba da daidai ƙarfinta a hannun mutum ɗaya, a asirce, kada wata ta san abin da wata ta kawo.

Batun barci ma yakan jawo ƙananan maganganu. Kaka tana kwanciya da wuri ta tashi tun duku-duku, 'yan mata kuwa sai dare ya raba. Ba lallai lalaci ba ne, a shekarun balaga agogon jiki yakan karkata zuwa dare, kuma suna buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Ki raba musu ɗaki, ki kuma sanar da manya tun da wuri.

Game da tsoronki na faɗa, shawarata ita ce kada ki mai da fitar nan zaman sulhu. In akwai tsohuwar ƙullalliya tsakanin mahaifiyarki da wata ƙanwarta, kwana biyu ba za su warware ta ba. Ki sami kowacce ita kaɗai, cikin ladabi, ki ce, "Anti, don Allah wannan karon a bar maganar." Haka ma tambayar yaushe za ki yi aure, ko har yanzu shiru babu haihuwa. Mai tambayar tana ganin kulawa ce, wadda aka tambaya kuwa a ɗaki take ƙarasa yininta.

Ki bar yammacin Asabar babu komai a cikinsa. Mu tsofaffin hotuna muka ɗauko, muka kashe talabijin, muka zauna ta gefen kunnen da Kaka ta fi ji da shi. Idan mutane da yawa suna magana lokaci guda, mai raunin ji sai ta yi shiru, a zaci ba ta son hira ne. 'Yar ƙaramar nan ce ta nuna wani hoto ta ce, "Kaka, wace ce wannan?" Daga nan Kaka ta shiga ba mu labarin mahaifiyarta, har ta ambaci 'yar farin da ita Kaka ta haifa, wadda ta rasu tana jaririya. Mama ta san an yi ta, amma sai ranar ta ji sunanta. Na nemi izinin Kaka na naɗi muryarta a waya, minti 47. Yanzu ƙafa ba ta barinta tafiya mai nisa, in muka taru a ɗakinta takan ce a kunna mata ta ji.

Kafin ki kama wurin kwana, ki je ki zauna da kakarki ki tambaye ta wane mako ya fi mata, da kuma wadda take so ta kwana ɗaki ɗaya da ita. Tamu kakar da Goggo ta zaɓi kwana, ni kuwa da Mama na yi niyyar haɗa ta.