Tayil ɗin poselin a falo: siminti ya isa ko sai da gam?

Wata Hajiya daga Aboabo nan Kumasi ta aiko: "Salamu alaikum, za mu sa tayil ɗin poselin a falo, mai aikin ya ce siminti da yashi sun isa wai gam ɓarnar kuɗi ne. Gaskiya ne?"

Wa alaikumus salam Hajiya, dan Allah kar ki yarda. Tayil irin na da, mai jan baya ɗin nan, yana shan ruwa shi ya sa siminti ke kama shi, amma poselin ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi 1 cikin 100 ba, to siminti ya kama me? Ranar da aka gama zai yi kyau abinsa, sai a kwana a tashi ki ƙwanƙwasa ki ji yana amsawa kamar ganga, daga nan sai ɗagawa da tsagewa, kuɗin tayil ya tafi kuɗin aiki ya tafi, wallahi abin yana min ciwo don sidin da ake gudun kashewa bai kai na gyara ba.

In kin je shago ki duba jikin buhun gam ɗin tayil, ki nemi mai alamar C2, shi ne aka ƙara wa ƙarfin riƙo. C1 na tayil irin na da ne mai shan ruwa. Ki matsa buhun da hannu, in kin ji dunƙule-dunƙule masu tauri to laimar damina ta shige shi, ki bar musu kayansu ko sun rage kuɗi.

Kuma ki tsaya a kan mai aikin. Da cokalin magina mai haƙora zai shimfiɗa gam ɗin ko'ina, ba ya ɗiga a kusurwa huɗu da tsakiya ya danna ba, wannan ha'inci ne. Ya riƙa shafa daidai wanda zai rufe cikin minti 20, lokacin hunturu ma ya fi saurin bushewa. In daɓen sabo ne a ba shi kwana 28 tukuna, in an gama sa tayil kuma kar yara su taka sai bayan awa 24.

Wani matashi daga Asawase nan Kumasi kuma ya ce paip ɗin banɗakinsu na yoyo a mahaɗa, ko silikon zai tsai da shi?

A'a ɗan'uwa, silikon na toshe gefen tagar gilas da bakin sinki ne, ba ya jure matsin ruwa. In paip ɗin PVC ne ka yanke wurin, ka sa sabon soket, wato mahaɗin paip, da gam ɗin PVC bayan ka goge ya bushe sarai, ka danna ka riƙe kamar sakan 30. In kuwa koren nan ne na PPR, gam ba ya kama shi sam, sai pulamba ya zo da injin zafi ya haɗa.