Ƙwayar HIV mai bijire wa magani tana yaɗuwa kuwa?

Malam, ka tambaya ko wanda ƙwayar HIV ta daina jin magani a jikinsa zai iya sa wa wani irinta. Ƙwarai kuwa, ta jima'i ba kariya, ko allura ɗaya, ko daga uwa zuwa jariri. Wanda ya ɗauka sai ya fara da ƙwaya mai taurin kai tun bai taɓa shan magani ba.

Tushen abin tsallake magani ne. Idan ya yi ƙaranci a jini, ƙwayar tana hayayyafa tana kuskure wajen kwafar kanta, sai wadda ta dace da canjin da magani ba ya taɓawa ta mamaye. Magungunan HIV guda biyu, efavirenz da nevirapine, sun fi rauni a nan: canji ɗaya tak, K103N, ya isa ya karya su, kuma yakan yi shekaru a jikin wanda aka sa wa. Shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita maganin dolutegravir, wanda ƙwayar ke shan wuya kafin ta bijire masa.

Amma fa wanda awon yawan ƙwayar a jikinsa ya tsaya ƙasa da kwafi 200 a kowace mililita ta jini ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Idan awo ya haura 1,000, aka gyara shan magani wata uku, aka sake bai sauka ba, likita ya duba canza haɗin magungunan.

Ma'aurata masu ɗauke da ita su biyun ma kada su saki jiki idan awon ɗaya ya hau, don ana iya ɗaukar wani nau'in a kan na farko, ko da yake ba kasafai ba.